Jiƙon Karan Gero

A shekarun da aka ce ƙasarmu ta yi arzikin mai har ta rasa inda za ta zuba shi, ni aikina jiƙa kara ne. Soja ke mulki, sababbin motoci sun cika Sakkwato, duk wanda ka tare maganar kwangila yake yi, ni kuwa kullum safiya sai in sa farar riga in zauna gaban tulin karan gero da adda ina daddatsawa. Babana ɗan kasuwar hatsi ne a Ƙofar Rini. Ya kai ni boko don in huta da ƙaiƙayi, sai ga boko ta dawo da ni kan abin da manomi ma shanu yake bar wa. Yakan faɗi haka a gaban abokansa su yi ta dariya, ni ma in taya su.

Wurin aikin wani ɗan ɗakin gwaje-gwaje ne a bayan gari, mu biyu ne a cikinsa, ni da Oga. Oga mutumin kudancin Zariya ne, Kirista, dogo, marar son hayaniya. Ya yi karatu a ƙasar waje ya dawo da wani tunani da ya hana shi sakat, wai man nan da ake tinƙaho da shi wata rana zai ƙare, ko kuma ya fi ƙarfin talaka, gara tun yanzu a koya wa mutanen ƙauye samun wutar girki daga abin da ke bayan gidansu. Digirinsa na littafi ne, ko allura bai iya yi ba, amma kowa Dokta yake ce masa. A gidanmu kuwa ma'ana ɗaya dokta ke da ita. Inna ta ga farar riga, ta ji ana Dokta Dokta, shi ke nan ta yanke hukunci cewa ɗanta da likita yake aiki. Da kunnena na ji tana faɗa wa mata a gidan suna, kuma ban gyara mata ba, don daɗi na ji.

Aikin kansa ba wani abin ɓoyo ba ne. In aka zuba kashin shanu da ruwa a cikin tanki aka toshe, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani sukan ci abin da ke ciki su fitar da iskar gas, wadda in ka kunna mata ashana za ta kama da wuta shuɗiya, ba hayaƙi. Oga yana so a ƙara da kara, tunda kara ya fi kashin shanu yawa a ƙasarmu. Matsalar ita ce kara yana da taurin kai. Akwai wani abu a jikinsa da ya ɗaure shi tamau, halittun nan ba sa iya cinsa, sai ya yi wata da watanni a tanki yana kallonka. Dole sai an fara karya masa lago. Sai in daddatsa shi, in daka a turmi, in jiƙa shi cikin ruwan soda, irin farar sodar da ake yin sabulu da ita, ya kwana biyu ko uku. Ruwan ya koma ja-ja baƙi-baƙi, karan ya yi laushi har ka iya murje shi da yatsa. Daga nan a wanke shi sosai a kai tanki. Ranar da na fara aiki Oga ya nuna mani wani tabo a bayan hannunsa, ya ce ɗigo ɗaya ne ya yi masa haka, ya ba ni safar hannu ta roba. Ya ce in ta taɓa jiki a yi ta kwarara ruwa, in kuwa tsautsayi ya sa wani ya haɗiye ta, kada a kuskura a sa shi amai, don yadda ta ƙona hanya a shiga haka za ta sake ƙonawa a fita.

A wata bazara famfon wurin aikinmu ya ɗauke, kwana da kwanaki ba ruwa. Oga ya ce dama yana son ya ga ko aikin zai yiwu da kayan da kowane gida ke da su, ba kwalaben Turawa ba. Ni da bakina na ce muna da rijiya a gida, kuma akwai tsofaffin randuna a bayan ɗakin Inna. Na ɗauko randa biyu. Ɗaya na zuba mata ruwan toka irin na mata, ɗaya na zuba mata soda, kuma na cika hannu da ita don ina so nawa ya fi na ofis saurin nuna, Oga ya yaba mani. Na ɗauki alli na rubuta GUBA da manyan baƙaƙe a jikin randar, na koma baya na duba, na ji na yi abin da ya kamata. Ko kaɗan bai zo mani a rai ba cewa duk gidan nan ni kaɗai ke karanta boko. Inna allo ta sani da ajami.

Tana tankaɗe ta ɗago kai ta dube ni.

"Kai, mi na wanga da kac cika min bayan ɗaki da shi?"

Na gaji, rana ta dake ni, kuma a lokacin ina ganin yi wa tsohuwa bayanin halittun da ido ba ya gani ɓata baki ne.

"Jiƙo na, Inna," na ce. "Dokta yab ba ni in aje."

Ban yi ƙarya ba, kara na jiƙa. Amma duk wanda ya tashi a garin nan ya san abin da ake nufi da jiƙo: sassaƙe da saiwa a cikin tukunyar ƙasa, ruwan ya yi ja, a ɗiba a sha don basir ko shawara ko ciwon ciki. Ni ma da shi aka raine ni. Inna ta gyaɗa kai cikin girmamawa, har ta samo faifai ta rufe mani bakin randar don kada ƙura ta shiga.

Kwana biyu bayan haka, ranar Alhamis, na dawo daga aiki bayan la'asar, a ƙasa, don babur ɗina ya kwana uku a zaure ba mai. Haka garin yake a lokacin, ƙasar mai amma layin gidan mai ya fi na kowane abu tsawo. Na zagaya bayan ɗaki in duba karana. Faifan yana nan, amma an jirkita shi. A gefen randar soda ga ludayi a kife, ga mazurari, ƙasan wurin da ɗan danshi. Na ɗaga faifan, na ga ruwan ya sauka daga inda na yi masa alama.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, kuma har yau ban sake ji ba. Na ƙwala kira.

"Inna! Wa yat taɓa randar ga?"

Ta fito daga madafa tana goge hannu da zane, hankalinta kwance.

"Ni ta. Goggonka ta Dundaye taz zo ziyara Hubbare, tab biyo mu gaisa. Malam mijinta kwana huɗu shina hwama da ciki. Sai nic ce mata ga jiƙon Dokta nan ɗanki ya aje, ai ba a rasa ba. Kwalba guda kawai niz zuba mata, ba ta rage maka komi ba." Ta duba yatsunta. "Amma maganin ga na da ƙarhi. Ɗan abin da yat taɓa ni sai santsi kamar sabulu, har yanzu wurin na zogi."

Goggo ƙanwar Baba ce, ita ta yaye ni, a ɗakinta na yi shekara biyu ina ƙarami. Ba ta taɓa haihuwa ba, kuma ba ta kirana da komai sai ɗana.

"Ya sha?" na ce. "Inna, don Allah, Malam ya sha?"

"Ina zai sha tun yanzu? Ka san halinta, ba ta ba shi komi sai ta ɗanɗana da bakinta. Kuma azumin Alhamis taka yi. Tac ce da an sha ruwa za ta hwara kurɓa, in ta ji ya yi, sannan ta ba shi." Sai a lokacin ta dubi fuskata da kyau. "Lahiya? Mi ya hwaru?"

"Guba ta, Inna. Ga shi nan na rubuta."

Ta dubi allin da ke jikin randar, ta dube ni. Ta ce ita ta ɗauka sunan maganin ne. Sai ta zauna a ƙasa inda take, ta ɗora hannu biyu a ka, tana salati. Ban tsaya ba ta haƙuri ba, ban tsaya faɗa ba. Na ɗaga kai na dubi rana, ta riga ta sauka bayan katangar maƙwabta. Duk abin da ya rage tsakanin Goggo da kwalbar nan shi ne kiran magariba.

Na fita da gudu zuwa bakin titi. Ba tasi, ba bas, duk suna can a jere a gidan mai, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin motocinsu, sojoji biyu na zagayawa da bulala suna gyara layi. Na tsaya a tsakiyar titi ina ɗaga wa duk abin da ke da taya hannu. Wata babbar mota ta wuce da mutum ɗaya a baya, ko kallona bai yi ba, na bi shi da zagin da ban san na iya ba. Na juyo unguwa. Akwai wani tela a bakin layinmu mai tsohon keke da yake ji da shi kamar ɗansa, kullum a goge. Na same shi a kan ɗinki, na ce masa rai ne, ban ƙara komai ba. Ya dubi idona, ya miƙo mani makulli.

Na ratsa cikin gari ina kaɗa ƙararrawa ina ihu. Na ture tiren wata mai gyaɗa, ban waiwaya ba. Duk tafiyar lissafi ɗaya nake yi, in dubi rana in dubi hanya. Na ce wa kaina wataƙila ta tsaya a wani gida gaisuwa, Goggo da son zumunci. Na ce wataƙila ba ta sami mota ba ita ma, tana nan a hanya da ƙafa, yanzu zan hango jan mayafinta. Duk tsohuwar da na hango daga nesa sai in ƙara taka feda, in na matso in ga ba ita ba ce. Na yi wa Allah alkawura iri-iri a kan keken nan, wasu na cika, wasu har yau suna wuyana.

Kafin gadar da ke kan hanyar Dundaye akwai shingen sojoji, duro biyu da katako mai ƙusoshi. Kowa ya san ƙa'idar wurin: mai keke ya sauka tun daga nesa, ya turo abinsa a hankali, ya gaishe su, sannan ya wuce. Na sani sarai. Amma idona na kan rana, wadda ta yi ja ta kusa taɓa itatuwan fadama, sai na ratsa ta gefen duron ban sauka ba. Na ji an daka tsawa, na ji ƙarar da bindiga ke yi in an ja ta. Na taka birki har na faɗi.

Wanda ya tsayar da ni matashi ne, ba ya jin Hausa sosai, da Turancin bariki yake magana. Ya tambaye ni ko ubana ne ya yi titin. Ya ga farar rigar da ban ma tuna na cire ba, ya ce ai ga irinsu nan, 'yan boko marasa ɗa'a, yau zai koya mani. Ya sa na kama kunnuwana, ya nuna mani wata bishiya, ya ce in yi tsallen kwaɗo in je in dawo. Na yi. Ina tsalle ina kuka, ba don cinyoyina ba. Masu jakuna da masu tallan nono suna wucewa suna sunkuyar da kai.

Da na dawo sai wani kofur, babba, mai furfura a gemu, ya taso daga kan benci. Shi ya ji Hausa. Ya ce, "Samari, ina za ka da wannan gudu?"

Motarsu na nan a gefe a ƙarƙashin inuwa, da mai a cikinta, don su ba sa bin layi. Na gan ta. Da na buɗe baki na ce masa guba ce na haɗa da hannuna, an kai wa tsohuwa, za ta sha da an kira salla, ina jin da ya saka ni a motar nan, cikin ɗan lokaci muna ƙofar gidan. Fuskarsa ta mai imani ce. Amma a zamanin, kalmar guba a bakin mutum gaban soja ba abin wasa ba ce. Na hango kaina a bayan kanta, na hango an zo an tafi da Oga, an rufe mu ba mai tambaya. Tsoro biyu suka haɗu a kaina, na zaɓi na kaina.

"Goggona ta ba lahiya, ranka shi daɗe," na ce.

"To ai ba gudu ne zai warkar da ita ba. Ɗauki kekenka. Gobe ka sauka."

Na yi shekaru ina juya wannan amsa tawa. Ba wanda ya san da ita sai yau da nake rubutawa.

Cinyoyina sun mutu saboda tsallen, ina taka feda suna rawa. Na haye gada, na shiga tsakanin gonakin albasa, iska ta fara sanyi, garken shanu na komawa gida suna tare hanya. Na hango rufin gidajen Dundaye. A daidai nan na ji ladan ya ɗaga murya. Ban taɓa jin kiran salla ya tsorata ni ba sai ranar. Na yi ta ihu ina kiran Goggo tun daga inda na san ba za ta ji ba, mutane na alwala a ƙofar gida suna bina da kallo.

Na yar da keken a zaure na faɗa ciki ba sallama. Tana tsakar gida a durƙushe, hannu ɗaya a wuya, ɗaya a ƙasa. Ga ƙwallon dabino a kan faifai, ga ɗan ƙoƙo ya gangara gefe. Kwalbar na kwance, ruwan ya malale cikin ƙasa. Daga baya Malam, mijinta, ya gaya mani cewa da ta kurɓa ta haɗiye, abin da ta fara yi kafin ma ta kama wuyanta shi ne ta kai wa kwalbar duka, don ya riga ya miƙo hannu zai karɓa. Yana tsaye a kanta da buta, tsoho mai ciwon ciki, yana ta maimaita innalillahi. Leɓunanta sun yi fari, miyau na zuba, tana son ta yi numfashi yana sarƙewa.

Mata suka shigo daga maƙwabta. Wata ta ce a sa mata yatsa ta amayar, wata ta tafi neman manja. Na tare su da ƙarfi, na ce duk wadda ta sa ta amai ta kashe ta. Suka ja baya saboda farar rigar, suna cewa a bar likita ya yi aikinsa. Wannan kalma ta soke ni, amma na yi amfani da ita. Na karɓi butar na yi ta wanke mata baki, tana tofarwa, ina ƙarawa. Ta ɗago ido ta gan ni. Ba ta yi mamakin ganina ba, kuma na ga ta gane abin da ya kawo ni. Ta kama rigata ta riƙe.

Wani mai a-kori-kura da ke ɗaukar albasa yana da sauran mai, shi ya kai mu asibiti. Sojojin shingen suka leƙa suka ga tsohuwa a kwance, suka janye katako ba tambaya.

Fiye da kwana goma ta yi ba ta magana, sai ƙarin ruwa ake yi mata. Likitan gaske ya ce rai dai ya tsira, amma maƙogwaron ya ƙone, in ya warke zai tsuke, sai dai a jira a ga iya abin da zai bari ya wuce. Washegarin abin na gaya wa Oga. Ya cire tabarau, ya zauna a kan buhun kara. Sannan ya ce laifinsa ne da ya bari soda ta shiga gidan da mutane ke kwana, zai je ya faɗa. Na roƙe shi ya bari tukuna. Kullum bayan aiki sai ya zo asibiti ya tsaya daga bakin taga, bai taɓa shiga ba. Inna ta fasa randunan nan biyu da taɓarya, har wadda ba ta yi laifin komai ba, ta haƙa rami ta binne. Ni da ita ba mu iya haɗa ido. Baba kuwa abin da ya sani kawai shi ne ƙanwarsa ta sha wani abu, kuma ya rantse sai ya ga bayan wanda ya ba ta.

Akwai ɗan sanda da ke zuwa da littafi yana tambaya ko ta fara magana. Malam ya ce masa shi dai ta dawo daga birni da kwalba, bai san inda ta samo ba. Ranar da muryarta ta buɗe muna wurin, ni da Baba da Inna. Muryar ba tata ba ce, wata ce a shaƙe, sai ka matsa kusa kake ji. Ɗan sandan ya sunkuya ya tambaye ta wa ya ba ta. Na riƙe ƙarfen gado.

"Ba kowa," ta ce. "Soda nis saya kasuwa, in yi sabulu. Niz zuba ga kwalba, nim mance. Tsuhwa ta."

Goggo ba ta taɓa yin sabulu ba a rayuwarta, kuma Baba ya fi kowa sani. Ya dube ta, ya dubi Inna, ya dube ni. Ya ce wa ɗan sandan ai ka ji, tsufa ce. Har ya koma ga Allah bai sake tayar da maganar ba, bai kuma sake yi mani ba'ar kara a gaban abokansa ba.

Aka sallame ta. Na ci gaba da zuwa aiki, don ban san abin da zan yi ba in na bari. Karan da muka jiƙa a ofis ya nuna, gas ya taru, Oga ya kunna ashana wuta ta kama, muka tsaya muna kallonta ba wanda ya yi murna. Duk Juma'a nakan tambayi masu zuwa daga Dundaye yaya jikin Goggo, su ce da sauƙi, tana shan koko. Na riƙe wannan da sauƙin hannu biyu. Na ce wa kaina koko na farkon warkewa ne, tuwo na tafe. Ban je da kaina ba. Tsoro nake ji in gani.

Da babbar salla ta zo Baba ya yanka rago, ya ware cinya da hanta, ya ce ni zan kai wa ƙanwarsa. Ba yadda zan yi. Na same ta a inuwar ɗaki, ta rame har zoben hannunta ta ɗaure shi da zare. Ta yi murna da ganina, ta yi mani faɗan rashin zuwa da 'yar muryar nan, ta tashi da kanta ta hura gawayi ta gasa hantar, ta barbaɗa yaji. Ta ajiye kwano a tsakaninmu, muka sa hannu tare. Na ga ta ɗauki yanka ɗaya ta kai baki, raina ya yi fari, na ce ashe da gaske ne ta warke. Ta tauna a hankali, ta daɗe tana taunawa, idonta a lumshe. Sannan ta juya fuska gefe, ta fito da shi a tafin hannu, ta jefa wa kaji.

Na cire hannuna daga kwanon. Ta juyo ta ga fuskata.

"Kak ka dube ni haka, ɗana," ta ce. "Ci. Ka ci har da nawa."

Na ci. Ina kuka ina ci, ita kuwa ta tallafe haɓa tana bin maƙogwarona da ido duk lomar da ta wuce. Shekara tara ta yi bayan nan a kan koko da farau-farau, kuma duk zuwan da na yi sai ta sa an dafa mani nama, ta zauna a gabana har in cinye.